Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe da Gidajen Tarihin Jirgin Ƙasa a Tsofaffin Tashoshi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gidajen tarihin jirgin ƙasa da aka kafa a tsofaffin tashoshi, da kuma hukumomin jiragen ƙasa da na yankuna waɗanda gini da fili ke hannunsu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, zan fara da godiya, kuma godiyar har cikin zuciyata take. Ni ɗan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aikin sigina a wata ƙaramar tasha, kuma da albashin wannan aikin aka yi mana sutura, aka sa mu makaranta. Shi ya sa duk inda na ji an ce ga tsohuwar tasha an mai da ita gidan tarihi, ba na iya wucewa sai na leƙa. Na san irin wahalar da kuke sha. Na san yawancinku kuɗin da ake ware muku bai taka kara ya karya ba, wasunku ma aikin sa-kai kuke yi, ranar hutunku kuke sadaukarwa kuna kankare tsatsa kuna cire ciyawa daga tsakanin dogo. Ba don ku ba, da yawancin waɗannan gine-gine sun daɗe da zama kufai ko wurin ajiye motoci.

Ba zato nake yi ba, an gani. A Birtaniya, inda aka haifi jirgin ƙasa, rahoton da shugaban hukumar jiragen ƙasa, Beeching, ya fitar a 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363, kuma da yawa daga cikinsu an rufe, an rushe, ko tubali bai rage ba. A 1963 ɗin dai aka fara rusa babbar tashar Pennsylvania ta birnin New York, sai a 1965 birnin ya yi dokar kare tsofaffin gine-gine, ihu bayan hari. Waɗanda suka tsira, wani ne ya tsaya musu. Tashar Liverpool Road ta Manchester, wadda aka buɗe a 1830, tana nan yau cikin gidan tarihi. Tashar Maliebaan ta Utrecht a ƙasar Holan ta zama gidan tarihin jirgin ƙasa tun 1954, ta Delicias a Madrid tun 1984, ta Ambarawa a tsibirin Java na Indonesiya tun 1976. Tashar Madina, inda layin Hijaz ya iso a 1908, ita ma an gyara ta an mai da ita gidan tarihi, a Yuganda kuma an buɗe nasu a tashar Jinja a 2022. Ku ma cikin wannan sahu kuke, komai ƙanƙantar tasharku.

To amma ina da kuka, kuma gara in kawo shi gabanku da in yi ta gunaguni a bayan ido.

Shekaru kaɗan da suka wuce na ziyarci wani gidan tarihi irin naku. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen kirki ne ke riƙe da shi, kuma abin da na gani can na sha ganin irinsa a wasu wurare. A bakin ƙofa ga wani tsohon injin tururi, an sha masa fenti baƙi da ja, tagullarsa sai ƙyalli take, yara na hawa ana ɗaukarsu hoto. Na ji daɗin ganinsa. Da na zaga baya ina neman inuwa, sai na tarar da ƙofar tsohon ɗakin ajiye kaya a buɗe. A ƙasa, kan siminti, an jibge manyan littattafan rajista na tashar, sun fi hamsin, wasu da bangon fata. Kwanon rufin yana yoyo, an tara bokiti a gefe, amma danshi ya riga ya hau su daga ƙasa. Na ɗaga guda ɗaya, bangon ya biyo hannuna. Gara ta yi hanyoyi a ciki, tawada ta narke ta bi shafi. A abin da ya rage ina iya karanta kwanan wata, lambar tarago, nauyin kaya, sunan mai kaya da tashar da za a sauke, duk da rubutun hannu mai kyau na wani magatakarda da ya zauna ya yi aikinsa tsakani da Allah. Na tambayi matashin da ke karɓar kuɗin shiga, ya ce ai tsofaffin takardu ne, ana jiran a samu kuɗin kabad.

A wannan ranar na haɗu da wani dattijo zaune kan benci a dandamali, da sandarsa tsakanin ƙafafu. Ba ma'aikacin wurin ba ne, zuwa yake kawai ya zauna. Da na gaishe shi na ce masa mahaifina ɗan sigina ne, sai ya miƙe ya kama hannuna ya ce, “Zo, ɗana, in nuna maka abu.” Ya kai ni gaban wata jar na'ura ta ƙarfe mai aljihu da ƙararrawa, an manna mata 'yar takarda da aka rubuta “na'urar sigina” kawai, ba ƙari. Ya ce shekara ashirin ya yi yana kwana da wannan na'ura. A layin da yake guda ɗaya tilo, jirgi mai zuwa da mai komawa kan dogo ɗaya suke bi, don haka dole a tabbatar ba su haɗu a tsakiya ba. Akwai irin na'urar a wannan tasha, akwai 'yar'uwarta a tasha ta gaba, waya ta haɗa su. In jirgi zai tashi, sai ya buga ƙararrawa ya nemi izini. Abokin aikinsa na can ya amsa, ya danna ya riƙe, sannan aljihun nan zai buɗe ya ba da faifan ƙarfe guda ɗaya. Muddin wannan faifai na waje, babu wani da zai sake fita, ko nan ko can, sai an mayar da shi cikin ɗayan na'urorin. A sa shi cikin jakar fata mai babban zobe, a miƙa wa direba, kuma direban da ya shiga layi ba faifai a hannunsa ya gama aiki ke nan. Yana bayani yana nuna yadda ake tsayawa a bakin dandamali a ɗaga zoben, yadda mai zuba kwal ke zuro hannu ya sure shi jirgi na tafiya, da yadda kafaɗa ke amsawa in ba ka iya tsayuwar ba. Ya buga mini ƙararrawar da ɗan yatsa kan benci, bugu na neman hanya daban, na cewa jirgi ya shigo daban.

Na san asalin na'urar a littafi. Wani injiniya mai suna Edward Tyer ne ya ƙirƙiro ta a 1878, bayan karon da jirage biyu suka yi gaba da gaba a Thorpe, kusa da Norwich a Ingila, a 1874, inda mutum 25 suka mutu. Amma sai ranar na ga yadda hannun mutum ke yin aikin, har na gane abin da mahaifina ke nufi in ya ce barcinsa rabi ne. Bayan shekara biyu na koma da na'urar naɗar murya a aljihu. Aka ce mini dattijon ya rasu da damina. Na tambaya ko wani ya taɓa zama da shi ya ɗauki bayaninsa, aka ce a'a, ba a san ma ya yi aiki a nan ba. Na'urar na nan inda take, da 'yar takardarta. Injin bakin ƙofa kuwa an sake masa sabon fenti.

Wannan shi ne kukana, ranku ya daɗe. Kun sa ƙarfe a gaba, kun bar mutane da takardu a baya, alhali ƙarfe shi ne ya fi kowa haƙurin jira.

Ga shaida. Lokacin da Ingila ke kawar da injunan tururi, wani kamfanin 'yan gwangwan mai suna Woodham Brothers da ke Barry, a yankin Wales, ya sayi kusan guda ɗari uku don ya yayyanka. Da yake yankan tsofaffin taragai ya fi sauƙi kuma ya fi saurin kawo kuɗi, sai aka fara da su, injunan suka yi ta zama a fili, ruwa na dukansu, iskar teku mai gishiri na cinsu. Daga 1968 masu sha'awar jirgin ƙasa suka fara tara kuɗi suna saye ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1990 an fitar da guda 213. Wasu sun haura shekara ashirin a wurin, ciyawa ta fito a cikinsu, an kwashe musu tagulla, amma duk da haka fiye da ɗari sun sake hura wuta sun ja taragai. Ku nuna mini littafin rajista ɗaya da zai yi shekara ashirin a ruwan sama ya tashi. Sannan ku yi lissafin mutane. Jirgin tururi na ƙarshe a manyan layukan hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ya yi aikinsa a watan Agusta 1968, don haka wanda yake ɗan shekara ashirin yana zuba kwal a lokacin, yau yana dab da tamanin. A ƙasashen da tururi ya ɗan daɗe fiye da haka ma, waɗanda suka yi aikin duk sun yi furfura.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin injuna. Ni ma in na ji kukan jirgin tururi sai tsigar jikina ta tashi, kuma na san su ne ke jawo yara da baƙi, su ne ke kawo kuɗin shiga. Sai dai ku dubi tsadar abin. Gidan tarihin jirgin ƙasa na York a Ingila, da duk girmansa, shekara goma ya kwashe yana gyaran injin nan guda ɗaya, Flying Scotsman, aka kashe sama da fam miliyan huɗu kafin ya dawo kan dogo a 2016. Tukunyar tururi kuma ba a gyara ta sau ɗaya a huta, bayan 'yan shekaru dole a sake kwance ta a duba. Ƙaramin gidan tarihi na yanki da ya ce sai ya yi gasa da York zai ƙarar da ɗan abin hannunsa kan inji ɗaya, sauran kaya su lalace. Inji in an yi masa rumfa, an toshe bakin hayaƙinsa kada ruwa ya shiga, an shafe sassansa da giris, zai jira ku har ranar da Allah ya hore. (Ku dai yi hattara da farin abin nan da ake naɗe tsofaffin tukwanen tururi da shi, asbestos, don ƙurarsa na lalata huhu. Kada a bar 'yan sa-kai su ɓamɓare shi da hannu.)

Abin da nake roƙonku na farko ba ya cin kuɗi sosai. Ku nemi tsofaffin ma'aikata tun suna da rai da hankalinsu. Ba su da wuyar samu, ƙungiyoyin 'yan fansho sun san gidan kowa, kuma in kun sami ɗaya zai kai ku wurin goma. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya da hoto. Amma kada ku zaunar da dattijo kan kujera a ofis ku ce ya ba ku tarihin rayuwarsa, zai yi muku magana irin ta gaban manya, a taƙaice, ya tashi. Ku ɗauko shi ku kawo shi tasha, ku sa masa kayan aikinsa a hannu, fitilar hannu mai gilashi ja da kore, ko tuta, ko shebur, ko gudumar nan mai dogon ƙota da ake bubbuga ƙafafun tarago da ita a ji ko akwai tsagewa. Hannu na tuna abin da baki ya manta. Ku bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa da shi, ku adana muryar yadda take, fassara ta biyo baya. Kuma kada ku tsaya kan direbobi da shugabannin tasha. Akwai leburan da ke bin layi a ƙafa kullum safiya suna duba ƙusoshi, akwai mai juya layi, mai sayar da tikiti, mai buga tangaraho, ɗan dako, mai gadin mararraba, makanikai da maƙera. Akwai matan da suka yi zaman barikin ma'aikata, waɗanda suka san me ake ciki a gida ranar da aka ce an yi haɗari kuma ba a faɗi sunaye ba tukuna. Mahaifiyata na da labarin irin wannan dare, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta. In kun ɗauka, ku rubuta sunan mai maganar da ranar da aikin da ya yi, ku nemi izininsa, ku ba iyalinsa kwafi, ku ajiye wani kwafin a wani gini daban.

Sai takardu. Na san a idon mai ziyara littafin rajista ba ya da kwarjinin inji, amma a cikinsa ne yankinku yake. Inji iri ɗaya kamfani ya ƙera ɗaruruwa ya rarraba wa ƙasashe, wanda ke bakin ƙofarku akwai 'yan'uwansa a wasu wurare. Littafin kayan tasharku kuwa guda ɗaya ne a duniya. Shi zai gaya wa jikokinmu abin da yankin ke nomawa yana fitarwa, abin da yake shigowa da shi, shekarar da aka yi fari kaya suka ragu, da sunayen 'yan kasuwar da suka yi tashe suka shuɗe. Littafin albashi zai nuna wa aka ɗauka, daga ina ya zo, nawa aka biya shi, nawa aka biya wanda ke aiki ɗaya da shi amma fatarsu ta bambanta. Akwai littafin haɗari, akwai jadawalin tafiya, akwai zanen gadoji da taswirar fili. Matakin farko ko sisi ba ya ci, a ɗaga su daga ƙasa, a kai su ɗaki mafi bushewa a ginin, ko da ofishin shugaba ne. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada a rufe takarda da leda mai zafi, duka biyun sun fi cutarwa. A ba kowane littafi lamba, a rubuta shi a jeri, a ɗauki hoton shafukan sannu a hankali. Ɗaliban tarihi na jami'ar da ke kusa da ku za su yi wannan aikin da murna in kun buɗe musu ƙofa, don su ma abin rubutu suke nema.

Ina kuma roƙonku ku daina kallon ginin tashar kamar rumbun da ake zuba kayan tarihi a ciki. Shi kansa ne babban abin kallo. Na ga inda aka ɓalle tagar sayar da tikiti don a faɗaɗa shago, aka cire sikelin kaya da ke binne a daɓe, aka shafe bango da fenti mai sheƙi har tsofaffin rubuce-rubucen suka ɓace. An yi gyara, amma tashar ta tafi. Ku bar taga a inda take, da 'yar ramin da tsabar kuɗi ta sassaƙa a katako. Ku bar kabad ɗin tikiti mai ƙananan ramuka, ku gaya wa yara cewa ɗan kwalin nan mai lamba da hatimin kwanan wata wani shugaban ƙaramar tasha ne ya ƙirƙiro shi, Thomas Edmondson, saboda ya gaji da rubuta wa kowane fasinja takarda da hannu, kuma dabararsa ta zaga duniya, a Ingila ma sai 1990 aka daina amfani da ita. Ku bar agogo a bangonsa, kuma ku sa ya yi aiki. Kafin jirgin ƙasa kowane gari da lokacinsa, rana yake bi. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Western a Ingila ne ya fara ɗora tashoshinsa kan lokacin Landan a 1840, har yau akwai agogo a birnin Bristol mai hannun minti biyu, ɗaya na Landan, ɗaya na gari, minti goma tsakaninsu. A Amurka ma kamfanonin jirgin ƙasa ne suka raba ƙasar zuwa shiyyoyin lokaci a watan Nuwamba 1883, tun kafin gwamnati ta yi doka. Yaron da ya tsaya ƙarƙashin agogon tasharku ya ji wannan, zai dubi agogon wayarsa da wani ido.

Har ɗakunan jira ku bar su yadda aka raba su. In akwai na masu babban tikiti da kujeru masu laushi, da na talakawa da benci ko ma rumfa kawai, a gani. In a zamanin mulkin mallaka an raba ƙofa saboda launin fata, a faɗa. A tashar Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ne aka fitar da wani matashin lauya ɗan Indiya, Mahatma Gandhi, daga taragon masu babban tikiti a watan Yuni 1893, da tikitinsa a hannu, ya kwana cikin sanyi a ɗakin jira. Da an rushe bangon don a ƙawata wuri, da yau ba inda za a nuna.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Kusan duk gidan tarihin da na shiga akwai hoton babban injiniya da na gwamnan da ya buɗe layi. Waɗanda suka haƙa ƙasa suka fasa dutse suka ɗauki dogo a kafaɗa fa? Layin da aka shimfiɗa daga Mombasa ta Kenya zuwa bakin tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901, leburori kusan 32,000 aka kwaso daga Indiya, kimanin 2,500 suka mutu a wurin aikin. Layin Kongo da Faransa ta gina daga Pointe-Noire zuwa Brazzaville tsakanin 1921 da 1934, da aikin tilas aka yi shi, an kwaso mutane har daga Chadi, kuma aƙalla 17,000 ba su koma gida ba. A Amurka, 'yan China ne mafi yawan leburorin da suka huda duwatsun yamma, amma a shahararren hoton nan na ranar da layin gabas da na yamma suka haɗu a 1869, da ƙyar ka ga fuskar ɗayansu. Ma'aikatan ma ba kullum suka sunkuyar da kai ba. Na layin Dakar zuwa Bamako da sauran layukan Faransa a Afirka ta Yamma sun ajiye aiki daga Oktoba 1947 har Maris 1948, fiye da wata biyar cikin yunwa, suna neman a daidaita su da Turawan da suke aiki tare. Kowane layi yana da irin wannan labari, babba ko ƙarami, naku ma yana da shi. Ba na cewa ku sauke hoton injiniya, ya yi aikinsa. Ku dai samar wa leburorin bango guda. In an san sunaye a rubuta, in ba a sani ba a rubuta garuruwan da aka ɗebo su da yadda aka ɗebo su. Jikokinsu na cikin masu biyan kuɗin shiga.

Maganar rufi da wuta kuwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Fabrairu 2003 dusar ƙanƙara ta rufta da rabin rufin babban zauren gidan tarihin jirgin ƙasa na B&O da ke Baltimore a Amurka, ƙarafa suka faɗo kan injuna da taragai da ba su da na biyu. A watan Oktoba 2005 gobara ta cinye rumfar injuna ta gidan tarihin jirgin ƙasan Jamus a Nuremberg, da injuna sama da ashirin a ciki. Waɗannan masu kuɗi ne da ƙwararru. Tsohuwar tasha mai tsofaffin wayoyin lantarki da katakon da ya sha mai shekara ɗari, ba sai an faɗa ba. Duk kuɗin da ya shigo, a fara da kwano da indararo da wayar wuta.

Yanzu gare ku, shugabannin hukumomin jiragen ƙasa da na yankuna. Da yawa daga waɗannan gidajen tarihi zaman aro suke yi a filinku, ba takarda, ba wa'adi. Wanda bai san ko baɗi za a tashe shi ba, ba zai zuba kuɗi a rufi ba, kuma babu mai ba da tallafi da zai ba shi. Ku ba su takardar haya ta dogon lokaci, a rubuce, da sa hannu. Kafin ku yi gwanjon tsofaffin ƙarafa, ku kira su su zaga su zaɓa, don abin da ɗan gwangwan zai saya da nauyin kilo wataƙila shi kaɗai ya rage a irinsa. Haka in za a kwashe tsohon ofis, kada a cinna wa takardu wuta kafin su gani. Ku tuna da Saliyo. Da aka rufe layin dogon ƙasar a tsakiyar shekarun 1970 aka sayar da dogon ga masu yanka ƙarfe, an keɓe 'yan injuna da taragai a ma'aikatar gyara ta Cline Town da ke Freetown, ciki har da taragon da aka tanada don ziyarar Sarauniya Elizabeth a 1961. Suka yi kusan shekara talatin a kulle, yaƙin basasa ya zo ya wuce, a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi na ƙasa. Ƙasar da ta rufe layinta ta sayar da dogonsa yau tana da abin nuna wa 'ya'yanta, saboda wasu ma'aikata sun ƙi bari a yanka komai da komai. Hukuncin da kuke yankewa a ofis cikin minti biyar irin wannan nauyi gare shi.

Akwai abu biyu a hannuna da mahaifina ya bari, fitilarsa ta hannu, gilashin jan ya tsage a gefe, da wani ɗan littafin aljihu da ya rubuta bugun ƙararrawa da lokutan jirage da sunayen abokan aikinsa na tashoshin gaba da baya, mutanen da ya yi shekaru yana magana da su ta waya, wasunsu bai taɓa ganin fuskarsu ba. 'Ya'yana ba su san me ake yi da su ba, ni ma abin da na sani kaɗan ne, kuma shekaru na tafiya. Wurinku ya kamata su kasance. Na taɓa ɗaukar su har bakin ƙofar wancan gidan tarihi, da na tuna ɗakin nan mai bokiti sai na juyo da su. Mahaifiyata na nan da ranta, ta haura tamanin, hankalinta garau, kuma ta ce in za a zo a tambaye ta zaman bariki za ta faɗa, amma a zo da safe, don da yamma takan gaji. Ina jiran in ji wanda zai fara aiko da mai ɗaukar murya, ranar zan kawo fitilar da littafin da hannuna.

Naku cikin girmamawa,
Ɗan tsohon ma'aikacin sigina.